NOTI HUƊU, NAIRA 6,000, DA RAN ƘANENA

Da yawanku kun lura kusan sati uku ban leƙo Facebook ba, wasu har sun bi ni ta waya suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau alhamdu lillahi, jinyar ƙanena nake yi. Yau da na ga ya tashi zaune da kansa ya sha koko har yana tsokanar Inna, na ce bari in rubuta abin da ke cina a rai tun ranar da abin ya faru. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe, musamman masu gareji, 'yan wuta, masu sa fitilun sola, da masu ba su aikin.

Ƙanen nawa yana aiki ne da wani ɗan kwangila mai kafa fitilun kan titi masu aiki da hasken rana, irin waɗannan da ake ta jerawa a Mafara, Bakura da Maradun. Suna da wata tsohuwar mota 'yar gwanjo mai dogon hannu, da kwando a ƙarshen hannun. Mutum zai shiga kwandon, a danna, hannun ya miƙe ya kai shi har kan falwaya. Duk inda motar ta tsaya sai yara sun taru kallo. Ni kaina ranar da na fara ganinsa a ciki daɗi na ji. Na ce to madalla, an huta da tsanin nan da ake jinginawa jikin falwaya, mutum na sama tsanin na rawa. A ganina wanda ke cikin kwando ya fi kowa kwanciyar hankali.

Wata Talata ana tsakar cin kasuwa sai ga shi a shagona, hannu duk baƙin mai. Ya ce, "Yaya, ranta min kuɗɗi. Notin kwandon motarmu biyu sun karye, sauran biyun ma ban yarda da su ba. Oga shina Gusau, ya ce mu lallaɓa mu saya nan, in ya zaka ya biya."

Na ce mu tafi tare kar a cuce ka. Muka hau mashin muka je wajen masu kayan gyaran mota. Mai shagon ya fito da kala biyu ya zube a kan tebur. Ɗaya baƙi ne, ba kyan gani, da 'yar lamba a kansa. Ɗayan fari ne tas, sai ƙyalli yake. Baƙin ya fi farin tsada da naira 1,500 a kowane ɗaya. Wallahi mutumin nan bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Alhaji, in aiki mai nauyi na, baƙin ga za ku ɗauka."

Na karɓi ɗaya daga cikin tsofaffin da ƙanena ya kwanto, kansa duk tsatsa da dauɗa, ko gogewa ban yi ba. Na kara shi da farin. Tsawo ɗaya, kauri ɗaya, haƙora ɗaya. Na yi dariya na ce, "Malam, noti ai noti na, dukansu ƙarhe na. Ba mu hwarin guda huɗu." Na rage naira 6,000 cif. A hanyar dawowa har ina yi wa yaron nan huɗubar iya ciniki.

Bayan kwana tara, ranar Alhamis da la'asar sakaliya, aka kira ni. Suna aiki a kan hanyar Bakura, yana sama wajen ƙafa 25, ya ɗago faifan sola zai ɗora. Abokin aikinsa ya ce ƙara ɗaya kawai suka ji, kamar an karya kara, sai kwandon ya kife gefe guda. Noti uku sun tsinke, ɗaya ya riƙe. Shi kuwa ya zubo daga ciki, bel ɗin da ya ɗaura ya maƙala a hannun motar ya tare shi, ya yi lilo ya bugu da falwayar. Hannunsa na hagu ya karye, haƙarƙari biyu suka tsage. Faifan solar ya faɗo ya tarwatse daidai inda yara suka tsaya kallo kafin direba ya kore su.

Daga baya yake faɗa mini cewa sau tari ba ya ɗaura bel ɗin nan saboda zafi. Ranar dai Allah ya sa ya ɗaura. Da bai ɗaura ba, da yau gaisuwar ta'aziyya kuke rubuta mini a ƙarƙashin wannan rubutu.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa. Kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ogan nasu ma ya zo, ya biya wani abu daga kuɗin asibiti, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ni ma ina ta amsawa da "ƙaddara ce", alhali guntayen notin nan suna cikin aljihuna, na tsinto su a wurin tun ranar. Na kasa jefarwa, na kasa nuna wa kowa.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon bakanike ne, kowa Baba yake ce masa. Yana saurayi ya yi yaron gareji a wajen Italiyawan kamfanin Impresit lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978. Da ya zo dubiya bai tsaya dogon jaje ba, ya ce a nuna masa abin da ya karye. Na ciro na miƙa masa. Ya juya kan notin, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wa yas sayi wanga?"

Ɗakin ya yi tsit. Ƙanena ya kawar da kai. Na ce, "Ni na, Baba."

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi a nemo masa tsofaffin da aka cire. Washegari abokin aikin ƙanena ya kawo ɗaya daga cikin karyayyun. Baba ya goge kansa da gefen riga, sai ga lamba ta fito: 10.9. Ya goge nawa, sai ga 4.6 can ƙanana, da ƙyar ake gani.

Ga abin da na koya a wajensa, na kuma bi na karanta na tabbatar. Lambar da ke kan noti ba ado ba ce, ƙarfinsa take faɗa. Akwai 4.6, akwai 8.8, akwai 10.9, akwai 12.9. Mai 8.8 ya ninka mai 4.6 sau biyu wajen jure ja kafin ya tsinke, mai 10.9 kuwa ya ninka shi sau biyu da rabi. Notin Amurka su da zane suke nunawa: layi uku a kai matsakaici ne, layi shida mai ƙarfi ne, wanda ba layi ko ɗaya na ƙaramin aiki ne. Wato na cire abin da aka auna don ya ɗauki ran mutum a sama, na sa irin wanda ake haɗa gadon ƙarfe da shi. Girmansu ɗaya a ido. Ido ba ya ganin ƙarfin ƙarfe.

Sai Baba ya ƙara nuna mini wani abu. Ya ce in dubi inda tsohon notin ya karye. Fiye da rabin wurin baƙi ne, sumul, da tsatsa. Ɗan gefe kaɗan ne ke ƙyalli kamar sabon karaya. Ya ce, "Ka gani? Wanga ba rana guda yak karye ba. Ya daɗe shina ci daga ciki." Idan noti bai ɗauru daidai ba, duk sanda hannun ya ɗaga ya sauke, ko motar ta faɗa rami, sai ya ɗan motsa. Kamar yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke, haka tsaga ke farawa ƙarama tana shiga, wata da watanni, sai ranar da ɗan abin da ya rage ya kasa. Haka nan idan aka zura bututu a sifana aka hau da ƙafa don a ce an ɗaure tam, an ja notin ya wuce ƙarfinsa, an kashe shi tun kafin ya fara aiki. Ya ce a Bakolori akwai sifana mai awo, ana saita ta, idan ɗauri ya kai sai ta yi ƙas, a tsaya. Kuma noti irin na wurin nan in an kwance shi, zubarwa ake yi a sa sabo. Walda kuwa haramun ce a kansa, don wuta tana lalata taurin da aka ba shi a masana'anta.

A daren da nake kwana a asibiti na yi ta bincike a waya, sai na tarar ba ni ne farkon wanda ya auna noti da ido ba. Ranar 10 ga Yuni, 1990, wani jirgin British Airways ya tashi daga Birmingham ta Ingila zai je Malaga ta Sifaniya. Yana sama da ƙafa 17,000 gilashin gaba ya fice, iska ta fizgi matuƙin ta fitar da rabin jikinsa waje. Ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa kusan minti 20 har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton, kuma ya rayu. Da aka bincika, cikin noti 90 da suka riƙe gilashin, 84 sun gaza kauri da abin da bai kai milimita ɗaya ba, 6 kuma sun gaza tsawo. Ƙwararren da ya sa su cikin dare, kara sabo da tsoho ya yi ya auna da ido, kamar dai yadda na yi a kasuwar Mafara. Ko kwanan nan, ranar 5 ga Janairu, 2024, wani sashe na jikin jirgin Alaska Airlines ƙirar Boeing ya fice a sama bayan ya tashi daga Portland. Noti huɗu da ya kamata su riƙe shi ba a mayar da su ba tun daga masana'anta. Huɗu, kamar nawa.

Bambancinmu da su shi ne abin da ke biyo baya. Su ba sa rufe magana da "Allah ya kiyaye gaba" kawai. Mu kiranyen da muka sani na 'yan majalisa ne, amma a can kaya ma ana yi musu kiranye. A Amurka akwai doka tun 1966, akwai kuma hukuma mai suna NHTSA. Idan kamfanin da ya ƙera mota ya gano aibi mai haɗari, kwana 5 na aiki gare shi ya sanar da hukumar, kwana 60 ya aika wa duk mai motar wasiƙa, sannan ya gyara kyauta in motar ba ta wuce shekara 15 ba. Motoci masu kwando ma suna ciki. Manyan masu ƙera su, irin su Altec da Terex, sun sha yin irin wannan kiranye, wani lokaci a kan noti kawai: ko an sa wanda ba shi ne ba, ko ba a ɗaure shi da awo ba, a kawo a canja kafin kwando ya rabu da hannu.

To yanzu ku tambayi kanku, wasiƙar nan ina take zuwa? Wajen wanda sunansa ke rajista a can. Shi kuwa ya daɗe da sayar da motar a gwanjo. An loda ta a jirgin ruwa, ta sauka a Apapa ko Kwatano, dillali ya saya, ta zo Kano ko Kaduna, wani ya saya ya kawo Gusau, ga ta yau a hanyar Bakura da ɗan wani a cikin kwandonta. Littafin da ke faɗin wane noti ake sa wa a ina, da awon ɗaurinsa, tun a hannu na biyu ya ɓace. Na je da kaina na duba motar su ƙanena. Ɗan farantin da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar injin ɗagawar, an bi shi da fenti an shafe lokacin da ake yi wa motar kwalliya. Ko da sau goma aka yi mata kiranye, wasiƙar ba za ta taɓa zuwa Mafara ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. A can akwai mai ƙera, akwai hukuma, akwai mai dubawa duk shekara, kafin a zo kan wanda zai hau. A nan duk waɗannan matakan sun zube a hanya. Abin da ya rage tsakanin yaro da ƙasa shi ne mai shagon noti, da bakanike, da wanda ya riƙe kuɗin. A wannan karon ni ne na riƙe kuɗin.

Kuma kar wani ya ce shi ke nan, da ya ga 10.9 ya saya ya kwanta. Lambar ma ana bugawa ta ƙarya. Amurka kanta ta sha fama da jabun noti a shekarun 1980, har cikin kayan sojojinta aka same su, sai da ta yi doka ta musamman a kan ingancin noti a 1990. In an yi musu, mu wa zai raga mana? Nan ne aikin hukuma ya shigo. Muna da SON tun 1971, ita ke da alhakin ingancin kayan da ke shigowa ƙasa. Muna da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, da dokarta ta 2018. Muna da NEMSA mai duba ayyukan lantarki tun 2015. Kuma mun san ana iya yi in an ga dama: a 2008 da maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara sama da 80, NAFDAC ta shelanta, aka bi shaguna aka kwashe. Yau ko a ƙauye mutum ya san ya duba lambar NAFDAC a jikin kwalba. Me zai hana a yi wa noti, taya da birki irin wannan wayar da kai, da Hausa, a rediyo?

Kafin hukuma ta iso, ga abin da ke hannunmu.

Na ɗaya, masu waɗannan motoci. Ku kankare fentin nan ku karanta farantin, ku rubuta lambar ku ajiye. In motar daga Amurka ta fito, lambar shasi mai harafi da lamba 17 ana sa ta a shafin NHTSA a ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba, kyauta ne. Injin ɗagawar kuwa lambarsa daban ce, a rubuta wa kamfanin da ya ƙera shi a tambaya, a nemi littafinsa. Ɗanka da ke ND 1 a Abdu Gusau zai yi maka wannan cikin minti goma. Ku sayi sifana mai awo. Kuɗinta bai kai jinyar karaya ɗaya ba, na biya na sani.

Na biyu, 'yan uwana masu gareji. Wuri uku ba a lallaɓa su: inda kwando ya haɗu da hannu, faifan da hannun ke juyawa a kai, da inda gindin injin ya zauna a kan motar. In noti ɗaya ya karye a nan, kar a canja shi kaɗai a tafi. A tambayi dalili, a canja duka jerin da irin lambarsu. In babu a Mafara a aika Gusau, Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano. Mota ta kwana biyu a tsaye ba ta mutu ba.

Na uku, masu sayar da kaya. Wanda ya sayar mini ya faɗi gaskiya, Allah ya saka masa. Amma ina roƙo ku ƙara da tambaya: ina za a ɗaura shi? In an ce wurin da mutum zai hau ne, ku ƙi sayar da mai rauni ko da mai saye zai yi fushi.

Na huɗu, samarin da ke hawa. Kowace safiya kafin ka shiga kwando, zagaya ka duba. Jan ruwan tsatsa da ke zubowa daga kan noti, fenti da ya tsage a kewayensa, washa mai juyawa da yatsa, duk alamun motsi ne. A ɗaga kwandon ba kowa a ciki a saurara. Bel ɗinka ka maƙala shi a wurin da aka tanada, ko rana za ta narkar da kai. Ku kori yara daga ƙarƙashi. In ranka bai kwanta ba ka ce ba ka hawa. Na san da wuya yaro ya ce wa oga a'a a wannan zamani da aiki ke wuyar samu, amma oga zai samu wani yaron, Innarka ba za ta samu wani kai ba.

Na biyar, masu ba da kwangila, daga ƙaramar hukuma har 'yan siyasar da ke raba fitilu. Siyasa na matsowa, fitilun nan ƙaruwa za su yi. Kuna tambayar fitila nawa aka kafa, ku riƙa tambaya da wace mota aka kafa su, yaushe rabon a duba ta, kuma in yaro ya faɗo wa ke da jinyarsa. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, amma yawancin yaran nan a baki aka ɗauke su aiki, ba takarda ba rajista.

Ban ce babu ƙaddara ba, na yi imani da ita. Amma na ga yadda muke fakewa da ita mu rufe sakacinmu, don ni kaina na yi sati guda ina yi. Mu da muke cewa wane notin kansa ya kwance, ashe mun san abin da kwancewar noti ke jawowa, a baki ne kawai.

Shekaranjiya da dare, da kowa ya watse, na ce wa ƙanena ya yafe mini. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ai ni ma ina wurin, kuma ni nid ɗaure su da hannuna. Dukanmu ba mu sani ba." Na ce yanzu mun sani. Ya ce in ya warke zai koma aikin, don shi ya iya, amma Baba ya yi alkawarin zai koya masa karatun kan noti da ɗauri da awo kafin ya sake hawa.

Guntayen nan uku na ajiye su a shago, a kan kanta. Duk wanda ke son ya ga bambancin 4.6 da 10.9 da idonsa, ya biyo, zan nuna masa. In kana da ɗan uwa mai hawa falwaya ko mai gyaran manyan motoci, ka tura masa wannan rubutu, ko ka karanta masa.

Ku sa ƙanena a addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare masu neman halaliyarsu a sama da ƙasa. Amin.